Darasi na 9: Saƙa da Ɗinki a Cikin Gida, Yadda Aikin Hannu Zai Zama Jari

Manufar darasi

Idan an tashi daga wannan zama, kowace 'yar ƙungiya za ta iya:
1. ƙirga saƙa da ɗinkin da ta fara ba ta gama ba, ta san kuɗin da ke kwance a cikinsu;
2. fitar da abin da kaya ya ci kafin ta yanka masa farashi;
3. sanin lokacin da ya dace ta ci rance don wannan sana'a, da lokacin da ya fi kyau ta haƙura.

Lokaci: awa ɗaya da rabi, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: ƙullin zaren ulu, kwarashi, allura, almakashi, tef ɗin awo, ashana, da wake gwangwani ɗaya da za a yi lissafi da shi. Tun a zaman da ya gabata mai gudanarwa ta roƙi mata cewa duk mai saƙa ko ɗinkin da ta ajiye rabi da rabi ta zo da shi.

Mataki na 1: A buɗe kwando

Bayan gaisuwa, mai gudanarwa ta shimfiɗa tabarma a tsakiya, ta ce kowa ta zube abin da ta kawo. Za a ga hular jariri saura bakinta, safa ƙafa ɗaya, zanin gado da aka zana fulawa aka ɗinke rabi, rigar yarinya da aka yanka tun kafin ƙaramar Sallah. A bar mata su yi dariyarsu. Kada a kunyata kowa, domin da wuya a sami mai aikin hannu da ba ta da irin wannan kwando a ƙarƙashin gado.

Sai mai gudanarwa ta ɗauki abu ɗaya ta tambayi mai shi: “Yaya, wannan nawa kika kashe a kansa? Tun yaushe yake ajiye? Me ya tsayar da ke?”

Amsoshin ba sa wuce huɗu ko biyar. Zare ya ƙare. An je kasuwa ba a sami irin launin ba. An ga wani sabon yayi a gidan biki an koma kansa. Wadda ta sa aikin ta fasa. Ko kuma hidima ta yi yawa, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga raino, ga gona.

A nan mai gudanarwa ta faɗa musu: akwai mai saƙa don jin daɗin ranta, ta yi wa jikanta hula, ta yi wa ɗiyarta tuma-ƙasa ta kai ɗakin miji. Wannan ba ta da laifi, ko shekara ta yi tana abu ɗaya ba wanda zai biyo ta. Amma daga ranar da mace ta sa kuɗin akwati a cikin zare, magana ta canja. Rigar sanyin da ba a sa wa hannu ba, ba mai sayenta. Kuɗi ne ke barci a kwando, ranar biya kuwa tana tafe.

Mataki na 2: Labarin uwargida da kwandonta

Mai gudanarwa ta karanta wannan labari a hankali. Labarin misali ne, haka ma kuɗaɗen da ke cikinsa.

Wata uwargida ce a ƙungiya irin tamu, Allah ya yi mata hannu. Tun tana budurwa ta koyi saƙa a wurin gwaggonta, kuma duk wanda ya ga aikinta sai ya yaba. Wata rana a tsakiyar Disamba, sanyi ya kankama, maƙwabciyarta ta ce mata, “Ke kuwa da wannan hannu naki kina zaune? Ai da ni ce da tuni na yi kuɗi.” Maganar ta shige ta. Ranar zama ta nemi rancen naira 30,000, za ta biya bayan wata uku, aka ba ta.

Ta shiga mota ta tafi birni. Ta sayi zare ƙulli 20 a kan naira 800 kowanne, ja da kore da ruwan hoda da ruwan ƙwai, duk launin da ya ba ta sha'awa ta ɗauki ƙulli biyu ko uku. Naira 16,000 ke nan. Ta yanki yadin zanin gado na naira 9,000. Kuɗin mota da maɓallai da sabon kwarashi suka ci 2,000. Sauran 3,000 da ta dawo da su, aka wayi gari babu cefane, suka shiga tukunya.

Ta fara da babban shawul na jariri. Ta kai rabi, ruwan hodar ya ƙare. Ta aika ƙaninta kasuwa, ya kawo wani ruwan hodar da bai yi daidai da na farko ba, ta ajiye. Ta koma kan rigar sanyi, tana cikin yi aka yi haihuwa a gidan yayarta, ta tafi zaman bakwai. Da ta dawo sai ta ɗauko zanin gado. A tsakani dai ta gama huluna shida. Ta sayar da huɗu a kan naira 1,200 kowace. Biyu kuwa matar ƙanin mijinta ta ɗauka, ta ce, “Yaya, ki bari sai an sayar da gyaɗa.”

Kafin ta farga Fabrairu ta ƙare, iska ta juya, zafi ya sauko. Wa zai sa wa yaro rigar ulu a bazara? Ranar biya ta zo a tsakiyar Maris, abin da ke hannunta naira 4,800 ne da kwando cike da aiki rabi da rabi. Don kada ta ji kunya a gaban 'yan uwa, ta sayar da akuyarta mai ciki ta biya.

Tambayoyi ga ƙungiya:
Shin rashin iya saƙa ne ya kayar da ita?
A wane wata ya kamata ta ci rancen?
Cikin naira 30,000 ɗin nan, nawa ne bai taɓa shiga sana'ar ba?
Da ke ce, me za ki ce wa matar ƙanin mijinki?

A bar mata su yi ta mahawara. Mai gudanarwa kada ta yi saurin ba da amsa. Idan sun gama, ta tattara maganar: hannunta ba shi da aibu. Ta makara wajen farawa, ta sayi zare kafin ta san abin da za ta saƙa, ta kama ayyuka da yawa lokaci guda, ta haɗa jari da kuɗin cefane, sannan ta ba da bashi da kuɗin da ita ma bashi ne a kanta.

Mataki na 3: Ba a fafe gora ranar tafiya

Kayan saƙa da ɗinki suna da lokacinsu kamar amfanin gona. A zana da'ira a ƙasa, a raba ta gida huɗu: damina, kaka, hunturu, bazara. Mata su faɗi abin da ake nema a kowane gida.

Kayan sanyi, wato hula da safa da rigar sanyi da shawul, kasuwarsu daga Nuwamba ce zuwa Fabrairu, kuma ta fi zafi a farkon sanyi, lokacin da iyaye suka duba suka ga na bara ya yi wa yaro kaɗan. Lokacin ne kuma aka kawar da amfanin gona, mutane suna da ɗan abu a hannu. Wadda take son cin wannan kasuwa, kayanta su kasance a gama tun sanyi bai sauko ba. Ke nan a damina za ta fara da ragowar zaren da take da shi, ko layi goma ne a rana bayan an dawo daga gona. Idan rancen ƙungiyarku na wata uku ne, wanda aka karɓa a farkon Oktoba zai faɗo a farkon Janairu, an riga an sha ciniki. Wanda aka karɓa a tsakiyar Disamba kuwa, kun ji yadda ya ƙare.

Ɗinkin Sallah ba ya bin hunturu ko damina, yana bin watan Musulunci. Kowace shekara Sallah tana matsowa baya da kwana 10 ko 11, saboda haka a riƙa lissafinta da tsayuwar wata. Mai ɗinkin kayan yara ta fara karɓar aiki tun watan Sha'aban, ta kuma san ranar da za ta daina karɓa. Telan da ya ce “to” ga kowa a goman ƙarshe na azumi, shi ake yi wa zaman dirshan a daren Sallah. Inda ake bikin Kirsimeti, haka lissafin yake tun daga Nuwamba.

Kayan makaranta ana neman su idan za a koma sabuwar shekarar karatu, a Najeriya cikin Satumba, a Nijar wajen Oktoba. Akwai kuma abubuwan da ba su da kaka: kayan barka da na suna, zanin gado da rigar filo da tuma-ƙasa na ɗakin amarya, hijabin yara, da gyaran tufa, irin faci da sa zif da rage tsawo. Gyara ba ya buƙatar jari sai zare da allura, kuma kuɗinsa hannu da hannu ne. Kada a raina shi. Shi ke riƙe mai sana'a a bazara.

Mataki na 4: Me kayan ya ci?

Yawancinmu idan aka tambaye mu farashi sai mu ce, “Kawo abin da ya sauƙaƙa.” Wannan kara ce, amma kara ba ta biyan rance. Kafin ki faɗi farashi, ki san abu uku: kuɗin kayan da suka shiga, kuɗin kai shi hannun mai saye, da lokacin da kika ɓata.

A yi wannan lissafi da wake, kowace ƙwaya ɗaya a matsayin naira 100. Farashin da ke nan na gwaji ne, ku sa na kasuwarku da kuɗin ƙasarku.

Saitin jariri, riga da hula da safa:
Zare ƙulli 3 a kan 800: naira 2,400
Maɓallai da ribon: naira 300
Leda: naira 100
Kason kuɗin mota: naira 200
La'adar dillaliya: naira 300
Jimla: naira 3,300

Idan an sayar da shi naira 5,500, a tara wake 55, a kwashe 33. Saura 22, wato naira 2,200. A nan ne mace take murna ta ce ta ci riba. To, a tambaye ta awa nawa ta yi a kai. A ce awa biyu kullum har kwana goma, awa 20 ke nan. A raba 2,200 gida 20, kowace awa ta tashi a naira 110.

Yanzu a gwada hular jariri ita kaɗai:
Zare rabin ƙulli: naira 400
Leda da kason mota: naira 100
La'ada: naira 100
Jimla: naira 600

An sayar naira 1,200, saura 600. Aikin awa biyu ne. Kowace awa ta tashi a naira 300.

Mai gudanarwa ta dakata a nan ta bar mata su kalli tarin waken biyu. Saitin ya fi kawo kuɗi a dunƙule, amma hula ta biya wahalar hannu kusan ninki uku. Ga shi kuma mai naira 1,200 a ƙauye ya fi mai 5,500 yawa. Ba a ce a daina babban aiki ba. A yi shi idan an sa ki, an kuma ba da kafin alƙalami. Na ajiyewa a jira mai saye kuwa, ƙananan kaya sun fi juyawa.

Sai kuma a leƙa kasuwa. A ranar kasuwa akwai rigunan sanyi na gwanjo, akwai kuma na keken saƙa da ake kawowa daga birni da dozin. Mai saƙar hannu ba za ta iya karya musu farashi ba, kada ma ta gwada. Abin da take da shi wanda ba su da shi: tana auna yaron da kanta, tana yin launin da uwa ta zaɓa, tana iya saƙa sunan jariri ko ta haɗa launin da ya dace da atamfar mai jego, kuma idan wani wuri ya warware gidanta ba nisa. A kan wannan za ta tsaya.

Mataki na 5: Sanin zare da yadi

Zaren da muke kira ulu a kasuwa, mafi yawansa ba gashin tumaki ba ne, na roba ne da ake yi a masana'anta. Mai gudanarwa ta yanki ɗan guntu, ta riƙe shi da almakashi nesa da tabarma da yara, ta kyasta ashana. Na roba zai narke ya dunƙule ya yi tauri, yana warin leda. Ulu na gaske yana ƙaurin gashi, kuma abin da ya ƙone yana murmushewa a yatsa. Na auduga yana ci kamar takarda, ya bar toka mai laushi.

Wannan gwaji yana da amfani biyu. Na ɗaya, kada a sa wa kayan zaren roba dutsen guga mai zafi, zai lafe ya lalace. Na biyu ya fi muhimmanci. A hunturu muna kwana da kaskon wuta a ɗaki, yara suna jin ɗumi a bakin murhu. Rigar roba idan ta kama wuta tana narkewa ta manne a fata. Duk wadda ta sayar da rigar sanyi ta faɗa wa uwar yaro wannan da bakinta.

Wajen sayen zare, ki yanke shawarar abin da za ki saƙa tun a gida, ki san ƙulli nawa zai ci, ki ƙara ɗaya. Ki saya duka rana ɗaya, daga leda ɗaya. Rini ba ya fitowa iri ɗaya kowane lokaci, ko da kamfani ɗaya ne, shi ya sa ruwan hodar yau yakan bambanta da na wata mai zuwa. Idan takardar jikin ƙullin tana da lambar rini, ki duba ta zama ɗaya. Ki ajiye takardar da ɗan guntun zaren.

Kafin ki fara babban aiki, ki saƙa ɗan gwaji kamar faɗin tafin hannu, ki auna da tef, ki ƙirga ido nawa ne a inci huɗu. Hannu ya bambanta, wata tana matsewa, wata tana sakewa. Minti ashirin ɗin da gwajin zai ci ya fi warware aikin kwana biyar sauƙi. Zare mai kauri yana son kwarashi mai kauri. Lambar da ke jikin kwarashi ita ke nuna kaurinsa.

Kan jariri sabon haihuwa kewayensa wajen inci 13 zuwa 14 ne. Saƙa tana buɗewa, don haka hular ta ɗan gaza haka kaɗan, amma kada ta matse har ta bar shaida a goshi. Jariri yana saurin yin sanyi ta kai, balle bakwaini, shi ya sa ma'aikatan asibiti suke cewa a sa masa hula da safa, uwa ta kwantar da shi a ƙirjinta fata da fata. Kada a sa wa kayan jariri doguwar igiya a wuya. Maɓalli a ɗinke shi da ƙarfi, a ja a gani, domin abin da ya cire baki yake zuwa. Duwatsun ado da ƙananan beza a bar wa manya.

Wanki kuwa da ruwan sanyi, a matse a hankali ba murɗawa, a shimfiɗa a inuwa. Idan aka rataye rigar saƙa a igiya da ruwa a jikinta, za ta zazzago ta yi tsawo.

Ga masu ɗinki: yadi ɗaya inci 36 ne, turmin atamfa yadi 6, zane ɗaya yadi 2. Yadin auduga yakan shiga idan ya sha ruwa, wani kuma yana zuba, saboda haka ki jiƙa ɗan ƙyalle ki gani kafin ki yanka. Ki auna sau biyu, almakashi ba ya dawo da abin da ya ci. Rigar yaro a bar mata kalmasa mai faɗi yadda za a iya saki idan ya ƙara tsawo, iyaye suna son wannan. Guntayen ƙyalle kada a zubar. Ana haɗa su a yi rigar filo, jakar littattafai, ko shimfiɗar jariri.

Mataki na 6: Maganar keke

A kowace ƙungiya akwai mai burin keken ɗinki, ko Butterfly ko Singer ko wani. Buri ne mai kyau, amma a duba irin kuɗin da za a saye shi da shi. Keke yana mayar da kuɗinsa ne a hankali, riga bayan riga, wata da watanni. Rancen wata uku ba ya jiran haka. Abin da ya fi dacewa da keke shi ne kuɗin ranar rabo, idan an fasa akwati kowa ta karɓi nata, domin wannan ba mai bin ki. Kafin lokacin, ki koya a kan na maƙwabciya, ki riƙa ba ta wani abu, har ki tabbatar kina da masu kawo miki aiki.

Wadda take da shi kuma ta kula da shi. Ƙurar hunturu tana cin keke, a rufe shi da zane duk lokacin da aka tashi. A share gashin yadi da ke taruwa a wajen kwarkwaro. A ɗiga masa man keke, ba man gyaɗa ba, domin man girki yana daskarewa ya kama ƙarfe. Allura mai lamba 14 tana yi wa atamfa da yawancin yadi, mai kauri kamar kakin makaranta yana son 16. Idan keke yana tsallake ɗinki ko yana tsinka zare, ki fara canja allura ki sake zura zaren kafin ki kira mai gyara.

Mataki na 7: Bashi, dangi da kafin alƙalami

Nan ne wurin da ya fi wuya, domin masu sayenmu danginmu ne da maƙwabta. A yi ɗan wasan kwaikwayo. Mace ɗaya ta zama mai saƙa, ɗaya ta zama gwaggon mijinta da ta zo ɗaukar hula bashi. A gwada yadda za a ƙi ba tare da an ɓata zumunci ba. Misali: “Gwaggo, wallahi da nawa ne da ba sai kin tambaya ba. Kuɗin akwati ne, mu ashirin ke da shi, kuma ranar Laraba zan tsaya a gabansu. Ki kawo rabi yanzu in ajiye miki, ba wanda zai taɓa.”

Idan kina son yin kyauta, ki yi da zuciya ɗaya, amma ki san kyauta ce, ki cire ta daga ribarki bayan kin ware kuɗin biya. Kyauta daga uwar kuɗi ita ke cinye sana'a.

Duk aikin da aka sa ki, ki karɓi kafin alƙalami da zai sayi zare ko yadin gaba ɗaya. Idan mai aikin ta fasa, wahalarki ce kawai ta tafi, jarinki yana nan. Ke ma kuma nauyi ya hau kanki, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ki faɗi ranar da kika san za ki iya, ki ƙara kwana biyu saboda baƙi da rashin lafiyar yara. Kayan suna ranar bakwai ake nemansu, na ranar takwas ba shi da amfani.

Kuɗin sana'a a ba shi gwangwaninsa dabam. Yana da kyau maigida ya san da rancen da ranar biyansa tun farko, don kada a ɗauka duk abin da ke gwangwanin na cefane ne. Wadda ba ta fita kasuwa ta yi magana da dillaliya a kan la'ada tun kafin ta ba ta kaya, su ƙirga tare. A ranar awo a asibiti, da gidan suna, da gidan biki, nan masu sayen kayan jarirai suke taruwa. Kada a hana yarinya makaranta saboda tallan hula.

Mataki na 8: Abin da za mu yi tare

Mata biyar su shiga mota biyar don sayen zare ƙulli huɗu-huɗu, asara ce. A haɗa kuɗi, a rubuta na kowa a gaban kowa, a tura mutum biyu su yi sari. Ƙungiyoyin da ke kusa da Kano sun san Kantin Kwari wajen yadi, kowane yanki kuma yana da babbar kasuwarsa. Idan sun dawo a baje kaya a gaban jama'a, a faɗi farashi da kuɗin mota.

A kuma raba fage. Idan mu goma duk muka saƙa hular jariri a ƙauye ɗaya, junanmu za mu karya. Wata ta kama hula da safa, wata hijabin yara, wata gyara, wata zanin gado. Wadda ta iya ɗinkin hular maza na hannu ta sani aiki ne mai ɗaukar makonni, ya fi kyau ta yi shi idan ɗan kasuwa ya kawo hular da zare ya biya ladan hannu. Ragowar zare a riƙa musaya, abin da ya rage miki wata shi take nema ta ƙarasa safa.

Kada a manta da jiki. A yi aiki a inda akwai haske, da rana a inuwa ko da fitila mai kyau. A riƙa miƙewa ana motsa wuya da yatsu. Allura da kwarashi a sa su a gwangwani mai murfi, kada a soke su a katifa ko tabarma inda yaro ke rarrafe.

Aikin gida

Kowace mace ta koma ta zazzage kwandonta, ta kasa abin da ke ciki kashi uku. Kashi na ɗaya, wanda za a iya gamawa cikin mako guda. Kashi na biyu, wanda yake jiran wani abu da za a saya, ta san nawa ne. Kashi na uku, wanda ta san har ga Allah ba za ta gama ba. Wannan ta warware shi, ta naɗe zaren, ya koma jari.

Daga kashi na ɗaya ta zaɓi abu guda ta gama kafin zama mai zuwa, ta zo da shi, tare da lissafin abin da ya ci da awannin da ta yi. Wadda ba ta rubutu ta ɗaura ƙulli a igiya duk awa ɗaya, ko ta sa 'yarta mai zuwa makaranta ta rubuta mata.

Kafin a tashi, ƙungiya ta tattauna ko za ta amince da waɗannan tambayoyi huɗu da za a riƙa yi wa duk mai neman rance don saƙa ko ɗinki: Me za ki yi da shi, guda nawa? Wa zai saya, a kan nawa? Yaushe za ki gama? Idan bai sayu ba, da me za ki biya? Wadda ta amsa su ba inda-inda, a ba ta da fatan alheri. Wadda ta kasa, a ce ta je ta sake lissafi ta dawo mako mai zuwa, akwati yana nan.

Mai gudanarwa ta gode wa waɗanda suka kawo kwandunansu, ta tuna wa kowa ranar zama na gaba, a rufe da addu'a.